Gesalbodi: Gandun Dajin da Gatari Ya Farfaɗo da Shi

Matafiyin da ya bar Yamai ya kama hanyar Doso, kafin ya yi nisa, a wajen kilomita 25, zai ratsa gefen wani gandun daji da ba lallai ne ya ɗaga kai ya dube shi ba. Babu dogayen itatuwa, babu kurmi, babu giwa balle zaki. Tudu ne shimfiɗaɗɗe mai marmara da tsakuwa, nan geza da sabara sun yi cunkus, can fako ya yi fetal. Sunansa Gesalbodi, faɗinsa hekta 5,000 kacal. Ɓangaren Nijar kaɗai na gandun namun daji na W ya ninka shi fiye da sau arba'in. Duk da haka, a shekarun 1980 wannan ɗan daji yana cikin waɗanda aka fi ambata a duk Sahel, kuma abin da aka gwada a cikinsa ya taimaka wajen sauya dokar itace ta ƙasar Nijar.

Labarin ya faro ne daga wani tsoro da ya kama Turawan mulkin mallaka. A 1935 wani farfesan ilimin daji na Jami'ar Edinbura, E. P. Stebbing, bayan ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar, ya rubuta cewa Sahara na tahowa kudu tana cinye gonaki da rijiyoyi. Maganar ta tayar da ƙura har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti, ya bi iyakar ƙasashen biyu tsakanin 1936 da 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayi na tattaki zuwa Kano ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar da sassabe da ƙunar daji ke yi nan da can. Amma an riga an shuka wani tunani a zukatan mahukunta: talaka maƙiyin itace ne, in ba a raba shi da daji ba zai ƙarar da shi.

A kan wannan tunani Faransa ta gina dokar dazuzzuka ta 4 ga Yulin 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen da take mulka a Afirka ta Yamma. Dokar ta ce duk ƙasar da ba a ga mai ita ba ta hukuma ce, kuma a idon Bature dajin da ba a nomawa ba shi da mai shi, ko da kakannin kakanni sun yi kiwo da farauta da saran icce a cikinsa. Aka ware wasu dazuzzuka aka shata musu iyaka aka ce gandun hukuma ne, aka kuma jera wasu itatuwa da ba a yarda a sare ba ko a cikin gonar mutum suke. A ƙarƙashin wannan doka aka killace Gesalbodi a 1948. Ƙauyukan da ke kewaye, galibinsu na Zabarmawa, da Fulanin da ke kiwo a tudun, suka wayi gari dajinsu ya zama na wani.

Samun 'yancin kai a 1960 bai sauya komai a nan ba. Dokar daji ta 1974 kusan kwafin ta Faransa ce. Malamin daji yana yawo da kaki irin na soja, babban aikinsa kamu da cin tara, kuma yana da kaso a cikin tarar. Ba sai an faɗa ba, tsakaninsa da manomi babu gaisuwar arziki. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda ake cinikin itacen girki. Ɗan kasuwa a Yamai zai je ofis ya sayi takardar izini, ya tura 'yan ƙwadagonsa da mota ko raƙuma su saro inda ya yi musu daɗi. Mutumin ƙauyen da aka sare dajin bayan gidansa ba ya ganin ko dala. To don me zai hana? In bai sara yau ba, gobe wani zai zo daga birni ya sare. Dajin da aka ce na hukuma ne ya koma na wanda ya riga isa.

Ita kuwa Yamai sai buɗe baki take yi. Garin da bai wuce mutum dubu 30 da 'yan kai ba a 1960 ya doshi dubu 400 a ƙidayar 1988, kuma kusan kowace tukunya da icce ake dafa ta. Gesalbodi na bakin kwalta, tafiyar da jaki ma zai iya yi. Sai ga farin da ya fara a 1968 ya kai har 1973, wanda ya kashe dabbobi, ya kori jama'a zuwa birni, ya kuma share fagen juyin mulkin da Seyni Kunce ya yi wa Jori Hamani a Afrilun 1974. Da aka zo aka gwada hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1950 da na 1979, sai aka ga tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na tsirran da ke rufe Gesalbodi sun tafi. Shekara talatin ke nan yana killace a takarda.

Maganin da aka sani a lokacin guda ɗaya ne, wato dashe. Tun 1965 aka fara yi wa Yamai ɗamarar itatuwa da darbejiya, daga 1975 kuma ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dasa itace. Ba duka ne ya tashi a banza ba. Layukan darbejiyar da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya ta jihar Tawa a 1975 don tare iska sun kama, sun yi amfani. Amma manyan gonakin itace da masu ba da agaji suka zuba wa kuɗi, akasarinsu sun ba da kunya. A wasu wuraren sai a kawo katafila ta tumɓuke geza da sabara, waɗanda ake kallo a matsayin tarkace, a dasa turare da aka rena a leda, sannan rani ya zo ya kashe rabinsa. An tone abin da ya san ƙasar tun fil azal, an kawo baƙon da sai an yi masa hidima.

Aikin da ya juya wannan tunani ya zo ne a farkon shekarun 1980, da kuɗin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, tare da ma'aikatar daji ta Nijar. Aka zaɓi Gesalbodi ya zama wurin gwaji, kuma sunan da aka fi dangantawa da shi a ɓangaren baƙi shi ne John Heermans. Tambayar da suka fara da ita mai sauƙi ce, har mutum ya yi mamakin yadda aka daɗe ba a yi ta ba: shin wannan dajin da ake renawa, in an kula da shi, nawa zai iya bayarwa? Suka ƙidaya itatuwa, suka auna kauri, suka kuma tambayi mutanen ƙauyuka me suke ɗiba a ciki. Amsar ta fi icce yawa: ciyawar dabbobi, gamba ta zana, sandunan rumbu da na darni, ƙaro, ganyen magani, saiwoyi.

Sannan suka koyi yadda dajin yake shan ruwa. A tuddan yammacin Nijar, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 ba, itatuwa ba sa bazuwa ko'ina daidai. A wurare da yawa layi-layi suke yi, layin duhuwa, layin fako, layin duhuwa. Wanda bai sani ba zai ɗauka fakon ciwo ne da ya kamata a rufe da dashe. Alhali fakon kamar rufin kwano yake, duhuwar kuma randar da ke ƙarƙashin indararo. Ruwa ba ya nutsewa a fako, sai ya gangara a hankali ya shige cikin duhuwa, ta sha nata ta ƙara da na maƙwabcinta. Matsalar tana farawa ne in sara da takun kofato suka yi yawa har duhuwar ta tsage. Daga nan ruwan ba ya samun abin da zai tare shi, sai ya wuce da gudu, ya kwashi ƙasar sama, ya haƙa kwazazzabai a gefen tudu.

Dabarar da ta fi ba kowa mamaki a Gesalbodi ita ce mafi arha. In an sare geza an ɗebe itacen, ana barin ƙananan rassa da ganye. Maimakon a ƙone su, sai a ja su a baza a kan ƙasar da ta yi ɓawo, wadda ko fartanya ba ta kama ta. Iskar hunturu na kaɗawa, rassan na tare rairayi da busasshen ganye da irin ciyawa. Sai gara ta ji ƙanshin abinci ta taso daga ƙasa, ta lulluɓe rassan da laka, ta huda ɓawon nan da ƙananan ramuka ba adadi. Ruwan farko na sauka, maimakon ya zame sai ya bi ramukan ya shige. Kafin damina ta raba tsakiya, inda aka ajiye rassa ya yi kore, taku biyu daga nan kuma fako na nan yadda yake. Garar da manomi ke tsine wa saboda rumbu da azara, ita ce ta zama leburan da ba a biya. An haɗa da wasu dabaru masu cin ƙarfi: jera duwatsu a kan gangare, haƙa ramuka masu siffar rabin wata don su kama ruwa, toshe bakin kwazazzabai, da shuka gamba.

Abu na biyu shi ne wanda ya girgiza ma'aikatan daji, domin ya saɓa wa duk abin da aka koya musu. Gwaji ya nuna geza da tsiriri da sabara ba sa mutuwa don an sare su. In an sara ƙasa-ƙasa, da kaifin gatari, a lokacin da ya dace, kututturen zai yi toho da yawa, saiwarsa kuma tana nan da zurfinta, ba ta bukatar ban ruwa. Abin da ke kashe shi shi ne baki: akuya ko saniya ta cinye tohon, ya sake fitowa ta sake cinyewa, har saiwar ta gaji. Kowace tsohuwa mai zuwa icce ta san wannan. Sabon abu kawai shi ne hukuma ta auna ta yarda.

A kan haka aka tsara dajin. Aka raba shi gida goma, kowanne wajen hekta 500. Kowace shekara a buɗe gida ɗaya a yi sara, a kan ƙa'idar kaurin da za a taɓa, a gyara ƙasarsa, sannan a rufe shi shekara uku ba kiwo. Kafin a zagayo kansa shekara goma ta cika. Gidan da aka rufe kuma ba zaman banza yake ba, domin ciyawa na fitowa sosai, kuma ana ba mutane izini su yanka su ɗaure su kai Yamai, inda masu kiwon tumaki da shanu a gida ke saye da daraja in rani ya tsananta. Ga iyalai da yawa wannan ciyawa ba ƙaramar madogara ba ce, kuma tana zuwa tun kafin itacen ya dawo.

Duk wannan na gudana ne a cikin mawuyacin lokaci. Damina ta ƙi a 1984, aka shiga yunwar da mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakokin Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A watan Mayun shekarar aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan kwararowar hamada, inda aka fito fili aka ce aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. Wannan ya buɗe ƙofar abin da ya biyo baya. Mutanen ƙauyuka tara da ke kewaye da Gesalbodi suka kafa ƙungiyar gama kai, a 1987 kuma gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar da ta ba ƙungiyar ita kaɗai ikon sara da sayar da itacen dajin, muddin ta bi tsarin. Mai sara zai kawo itacensa a jera a auna, ƙungiya ta biya shi, ita kuma ta sayar wa 'yan kasuwa. Kaso mafi tsoka na ribar ya tafi asusun kula da dajin, saura ya zama na ƙungiya. Mutumin da jiya in ya hangi kaki sai ya jefar da gatari ya ruga, yau shi ne ke da takarda a aljihu, kuma shi ne zai fara kai ƙara in ya ga baƙo na sara.

A ganina nan ne ainihin abin da Gesalbodi ya kawo. Dabarun rassa da duwatsu manoma sun san irinsu, a ƙasar Adar ma ana haƙa ramukan shuka da ake kira tassa tun kafin wani masani ya zo. Abin da ba a taɓa gani ba shi ne hukumar da ta gaji dokar 1935 ta amince cewa gandunta zai fi tsira a hannun waɗanda aka killace shi don a raba su da shi.

Sai dai yabon ya yi yawa da wuri. Baƙi sun yi ta zuwa kallo, rahotanni sun yi ta fita, alhali tsarin na tsaye ne da ƙafar aro. Masana ne suka zana shi, su suka raba gidajen, su suka kawo ƙungiyar gama kai a matsayin sharaɗi, mutanen ƙauye suka karɓa. Albashin masu gadi, motoci, kuɗin masu jera duwatsu, duk daga aljihun Amurka suke fitowa, kuma itacen da daji mai hekta 5,000 a kan marmara zai iya bayarwa a shekara bai kai ya ɗauki wannan nauyi ba. Ga kuma kasuwa: itacen ƙungiya, wanda aka sare a kan ƙa'ida aka ɗora masa kuɗin gyaran daji, yana gogayya da itacen da aka kwaso kyauta daga dajin da ba mai tsaro. Matar da ke sayen ƙullin icce a unguwa ba ruwanta da inda ya fito, farashi take tambaya.

Babban giɓin kuwa shi ne makiyaya. An gina ƙungiyar a kan ƙauyukan da ke zaune, alhali tudun hanya ce kuma makiyaya ce ta masu zuwa da damina su wuce. Bafulatanin da aka rufe wa gida uku cikin goma, aka kama masa saniya sai ya biya tara, sannan ya ga ana ɗaure ciyawar da dabbobinsa suka saba ci ana kaiwa birni, ba shi da dalilin ganin alheri a wannan tsari. A wajensa an sauya mai kora ne kawai. Da tallafin waje ya ɗauke, ƙasar kuma ta shiga ƙuncin kuɗi da rikicin siyasa na farkon shekarun 1990, tsaro ya sassauta, bin gidaje bi da bi ya yi rauni. Gesalbodi bai zama dajin da ke ciyar da kansa ba kamar yadda aka yi fata.

Amma darasin ya riga ya tsallake iyakar gandun. Daga 1989 wani shiri na makamashin gida, da tallafin Bankin Duniya da ƙasar Denmak, ya ɗauki tunanin ya rage masa nauyi. A watan Agustan 1992 aka fitar da dokar da ta kafa kasuwannin itace na karkara: ƙauye ya samu yankinsa na daji da adadin da zai iya sara a shekara, ɗan kasuwa ya zo ya saya a hannun mutanen ƙauye, su karɓi haraji su riƙe wani kaso. Aka kuma bambanta harajin, itacen da ya fito daga dajin da ba shi da tsari ya fi biya, wanda shi ne ƙoƙarin toshe ramin da ƙungiyar Gesalbodi ta faɗa. A Baban Rafi, kudu da Maraɗi, an bi irin wannan hanya. A Takeita ta jihar Damagaram kuwa, inda ƙungiyar SOS Sahel ta yi aiki daga 1995 zuwa 2000, sai da aka zaunar da makiyaya masu wucewa tare da manoma kafin a kafa ƙungiyar da ke kula da gandun, mai suna Ku Tayani. An ɗauki lokaci ana ta tattaunawa, abin da a Gesalbodi aka tsallake.

A daidai shekarun da ake gwajin Gesalbodi, wani ɗan ƙasar Ostireliya mai aiki da mishan a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura da abu iri ɗaya a cikin gonaki: 'yan tsirran da manomi ke sassabewa kowace bazara tohon kututture ne masu rai. In manomi ya bar biyu ko uku ya rage sauran, cikin 'yan shekaru sun zama itace. Wannan dabara, da ake kira sassaben zamani, ta bazu daga manomi zuwa manomi, musamman da tsoron malamin daji ya ragu, mutum ya tabbata itacen da ya rena a gonarsa nasa ne. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu sun ƙiyasta ta shafi hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a Maraɗi da Damagaram. Wato ninkin Gesalbodi sau dubu, ba shinge, ba mai gadi. Ayyukan biyu ba su fito daga ofis ɗaya ba, amma saiwa ɗaya suka dogara da ita, kuma cikas ɗaya suka ci karo da shi, wato dokar da ta ce itace na hukuma ne. Dokar daji ta 2004 ta zo ta amince da dazuzzukan ƙananan hukumomi da na masu zaman kansu, ta kuma ba jama'ar karkara gurbi a kula da na gwamnati.

Kasuwannin karkarar su ma ba su kuɓuta daga aibi ba. An sha kuka da sara fiye da adadin da aka yanka, da shugabannin da suka mayar da asusu nasu, da motocin da ke zagaye shingen bincike. Irin dajin tudun nan kuma ba icce kaɗai yake riƙe da shi ba. Gaba kaɗan a kan hanyar ta Doso, a yankin Kure, raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996 kafin su farfaɗo su kai ɗaruruwa, a kan waɗannan tuddai suke cin ganye da damina. Duk motar icce da ta fito daga can, daga akushinsu aka ɗiba.

Yamai ta kai mutum miliyan ɗaya a ƙidayar 2012, kuma duk da tallan iskar gas da ake yi, yawancin gidaje da icce suke girki. Dazuzzukan kusa ba su isa su ciyar da irin wannan gari ba tun tuni. Manyan motocin itace sun koma ɗaukowa daga nesa, musamman daga yankunan Say da Torodi a hayin kogin Kwara, wuraren da a 'yan shekarun nan rashin tsaro ya sa malamin daji da ɗan kasuwa duka sai sun yi tunani biyu kafin su shiga.